Kwanon SATO a bakin masai: abin da yake magancewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Bakin masai da ke buɗe dare da rana shi ne tushen yawancin ƙorafin da ake yi da banɗakin gargajiya. Ta nan wari ke tasowa, ta nan ƙuda ke shiga ya fito ya sauka kan abinci. Murfin katako ko tsohon faranti da ake ɗorawa ba ya daɗewa, domin yara na mantawa, manya kuma na ƙyamar taɓa shi. Wannan bakin ne kwanon SATO ke rufewa.

Kwanon tsuguno ne na roba, shuɗi, na kamfanin LIXIL na ƙasar Japan. An fara sayar da shi a Bangaladash a 2013, ya kuma bazu a Najeriya tare da yaƙin da ake yi da bahaya a fili, wanda ya kai Jigawa ga zama jiha ta farko da aka tabbatar ta rabu da ɗabi'ar a 2022. Duk dabararsa tana ƙasan kwanon. Akwai wani ɗan marfi mai lilo, an sa masa nauyi a gefe guda. Bayan gida ya sauka, aka bi shi da ruwa, sai marfin ya buɗe ya zubar, ya koma ya rufe da kansa. Ɗan ruwan da ya rage a kai shi ke toshe hanyar iska. Ƙasa da lita ɗaya ta isa a kora, wato abin da bai kai buta guda ba, alhali masai na zama mai tanki yana shan lita 6 zuwa 9 a kowane ja. Ga gidan da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Wajen girkawa ake samun nasara ko asara. In tsohon daɓen siminti ne, birkila zai faɗaɗa bakin ramin a hankali har marfin ya samu wurin lilo ba tare da ya taɓa komai ba. A nau'in da ke da ɗan kofi a bayan marfin, sai an cika kofin da kwaɓaɓɓen siminti an bar shi ya bushe, domin shi ne nauyin da ke mai da marfin. In aka manta, kwanon zai zauna a buɗe kamar ba a sa komai ba. Sannan a zaunar da shi da kwaɓi na siminti ɗaya yashi uku, a duba kada ya karkata, a kuma gangarar da daɓen zuwa bakinsa don ruwa kada ya kwanta. In sabon daɓe ne, a zuba shi da kwanon a ciki: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, da rodi, a riƙa yayyafa masa ruwa kwana bakwai kafin a hau. Kuskuren da ya fi yawa shi ne siminti ya ɗiga a mahaɗin marfin ya daskare. A goge shi tun yana ɗanye.

Bayan girkawa, abin da ke kashe shi sananne ne. Tsumma, leda, ƙunzugun yara da totuwar masara suna maƙalewa su hana marfin rufuwa, sai wani ya ɗauko sanda ya zungura ya karya shi. Toka mai garwashi tana narkar da robar. Soson ƙarfe yana karce ta, ƙazanta ta samu wurin liƙewa, don haka burushi mai laushi da ruwan sabulu sun wadatar. Rana ma na busar da roba har ta tsage, kuma banɗakunanmu da yawa ba su da rufi, ko fallen kwano ɗaya aka ɗora ya taimaka. Wanda ke da masai mai bututun iska ya sani cewa kwanon zai tare iskar da ke shiga ta baki, bututun ya koma fitar da tururin rami kawai, amma kada a cire ragar da ke kansa.

Inda nake jan kunnen mai saye shi ne kada ya ɗauka ya gama da matsalar ƙazanta. Ramin da ke ƙasa bai canja ba. Ƙa'ida ita ce ya yi nisan mita 30 daga rijiya, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A cunkusassun unguwanni da rijiya da masai ke tsakar gida ɗaya, ko a fadama irin ta yankin Haɗeja inda ruwa ke tasowa da damina, kwanon ba zai hana gurɓatar ruwan sha ba. Can sai an ɗaga ramin sama an gina shi da bulo. Ruwan wanka ma a yi masa hanya daban, domin shi ke cika rami da wuri ya zaizaye bangonsa. Da zarar ramin ya kusa taɓa marfin, lokacin yashewa ya yi.

Bai dace da bene ko doguwar hanyar bututu zuwa sokawe ba, saboda ɗan ruwansa ba zai iya tura ƙazanta nesa ba. Akwai dai nau'in da ake jonawa da gajeren bututu zuwa rami a gefe, da mai raba hanya zuwa rami biyu: ɗaya ya cika a rufe shi kamar shekara biyu, abin ciki ya bushe, a kwashe cikin sauƙi. Ga tsofaffi da masu ciwon gwiwa kuma a nemi mai siffar kujera, wanda marfinsa iri ɗaya ne da na tsugunon.