Yaya, ga labarin tashar da nake bi kullum

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya ƙafar Inna? Ka ce in ba ka labarin jirgin ƙasa na nan tunda kai Rigasa da Idu ka sani, to ga shi. Kullum daga tashar Fordham a yankin Bronx na birnin New York nake hawa jirgin Metro-North in sauka tashar Grand Central, wajen minti ashirin ne, tikiti tun ina ɗaki nake saya a waya, kwandasta ya zo ya leƙa wayar ya wuce shi ke nan.

Tashar Grand Central ɗin nan a Fabrairun 1913 aka buɗe ta, ka ga kusan sa'ar tashar Kano ce tunda dogo ya iso Kano a 1911, amma wallahi in ka shiga sai ka rantse bara aka gama ta. Layin dogo 67 duk a ƙarƙashin ƙasa. Wasu abokai biyu ne suka tsara ta, Charles Reed da Allen Stem, mutanen St. Paul ta jihar Minnesota, tun 1891 suka haɗa kamfani kuma tashoshin jirgi ne sana'arsu, su suka yi King Street ta Seattle da Union Station ta Tacoma. Daga baya aka haɗa su da wani kamfanin, Warren da Wetmore, Reed kuma ya rasu a 1911 bai ga buɗewar ba, waɗancan suka karɓe aikin gaba ɗaya har sai da Stem ya kai su kotu ya yi nasara. Abin ya taɓa ni sosai, mutum ya sha wahalar abu ya tafi bai gani ba.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce gangara. Daga bakin jirgi har ka fito babban zaure kana iya tafiya ba ka taka matakala ba, ƙasan ce aka kwantar a hankali. Shekaranjiya na ga wata tsohuwa tana tura keken tafiyarta da jaka a rataye, ita kaɗai, tana haurawa sannu sannu ba wanda ya riƙe ta, nan take Inna ta faɗo min a rai, yadda muke ɗaukar ta mu biyu in za a hau tsani. Mutanen nan tun shekara 100 da wuce sun yi tunanin mai ciwon gwiwa da mai jan akwati.

Banɗaki kyauta ne, agogo daidai, jirgi yawanci a kan lokaci. Amma fa akwai inda gida ya fi. Babu ɗan dako ko ɗaya, kayanka a wuyanka, babban zauren ba benci, ruwan roba na saya dala uku ranar da na manta gorata, kuma ba inda za ka shimfiɗa darduma, sai na isa wajen aiki nake la'asar. A tashar gida ko ba ka san kowa ba wani zai miƙo maka buta ya ce bismillah ga abinci.

Na tura maka hoton gangarar, ka nuna wa Inna, kuma in magini ya zo gyaran ƙofar ɗakinta ka sa ya cire dakalin nan ya kwantar mata haka, kuɗin siminti na kaina.