Gadopiclenol: rabin gadolinium, hoto kuma bai ragu ba

Masu aikin MRI ku matso, ga ra'ayina kan sabon ruwan allurar hoto gadopiclenol, wanda Guerbet ke saidawa da sunan Elucirem, Bracco kuma Vueway. FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2022.

Ni abinda ya burge ni yadda aka ƙera shi ne. Gadolinium, ƙarfen da ke cikin ruwan yana haska hoton, ai guba ne in ya shiga jini tsirara, shi yasa ake kulle shi cikin wani zobe kamar keji, to a tsofaffin ruwan allurar irin su Dotarem da Gadovist ƙwayar ruwa ɗaya tak ke samun taɓa ƙarfen, shi kuwa wannan an bar masa gurbi biyu, ruwa biyu ke maƙalewa lokaci guda, ga shi kuma ya fi su girma yana juyawa a hankali, sai ƙarfin haskensa a nau'in hoton MRI da ake kira T1 ya ninka nasu har ya wuce. Shi yasa 0.05 mmol kowane kilo ya isa maimakon 0.1 da muka saba.

A kula da sirinji fa. Mai kilo 70 mililita 7 zaka ja, daidai da na Gadovist, sai sabon ma'aikaci yace ina ragin yake? Ragin na cikin kaurin ruwan ne, gadolinium ɗin rabi ne. A hoton ƙwaƙwalwa kuwa ƙananan ƙari na fitowa tsaf da gefensu, wallahi in ba a gaya min wanne aka sa ba bazan bambance ba.

Ragin nan ba ƙaramin abu bane. Tun 2006 aka danganta gadolinium da ciwon nan mai sandarar da fata a masu ciwon ƙoda mai tsanani, 2014 likitoci a Japan suka ga alamar taruwarsa a ƙwaƙwalwa, 2017 Turai ta dakatar da yawancin marasa zobe. Mai MS, ciwon nan na jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, da ake ta maimaita masa hoto shekara da shekaru shi yafi kowa cin riba.

Amma kar a zuzuta. Har yanzu gadolinium ne, ta ƙoda yake fita, dole a tambayi lafiyar ƙoda kafin allura, kuma jariri ne in aka haɗa da Dotarem da ke kasuwa tun 1989. Wajen hanta ma baya shiga ƙwayoyinta yadda Primovist, ruwan allurar hoton hanta, ke yi, dan haka can dai Primovist ɗin zan ci gaba da ɗaukowa.