Sharhi: Injin zanen leza mai wat 5 da na saya a Jidda

Injin nan ya biya kuɗinsa, amma tabarau ɗin da aka sako a kwalinsa bai cancanci mutum ya ɗora shi a fuska ba. Wanda ke sauri ya riƙe wannan ya isa. Mai son cikakken bayani kuwa, bismillah.

Sana'ata gyaran waya ce, a wani ɗan shago kusa da Titin Falasɗinu a nan Jidda, inda kasuwar wayoyi take. Wanda ya saba da solda da ƙananan wayoyi, hannunsa ba ya iya zama haka nan, ko an tashi aiki sai ya nemi abin haɗawa. Abin da ya fara jan hankalina shi ne lezar hannun nan mai shuɗin haske da ake nunawa a bidiyo tana fasa balan-balan, tana kunna ashana daga nesa. Na daɗe ina karatu a kanta, kuma karatun ne ya karkatar da ni zuwa injin zane. Ƙwayar da ke fitar da hasken iri ɗaya ce a duka biyun. Sai dai a injin zane kullum hasken ƙasa yake kallo, kan katako, a tazarar 'yan santimita, a ɗaure da kusoshi.

Ta intanet na yi odarsa, ɗan sama da riyal 800 har da harajin kashi 15 da kuɗin kawowa. Irinsa sun yi yawa a kasuwa kuma kusan duk fasalinsu ɗaya: sanduna huɗu na alminiyam da ake ɗaurewa su ba da murabba'i, filin aiki kimanin santimita 40 tsawo da faɗi, ƙananan injuna masu jan bel, sai kan lezar da ke kai da komo a sama. Haɗawa ba ta da wuya ga wanda ya taɓa riƙe sukundireba. Abin lura kawai shi ne ɗaurin bel: in ya yi sako-sako, da'ira za ta fito a karkace, haruffa su yi inuwa biyu. Filogin da ya zo da shi mai ƙafa biyu ne, soket ɗinmu na nan kuwa mai ƙafa uku ne irin na Ingila, don haka sai an canza.

A tallar an rubuta wat 40 da manyan baƙi. Wannan wutar da injin yake sha ce daga soket. Hasken da ke fita daga ƙwayar wat 5 ne, kuma sai ka gangara can ƙasan shafin tallar za ka ga an faɗa da ƙananan rubutu. Ina ganin wannan rashin gaskiya ne a ciniki, domin mutum zai saya da zaton zai yanka katako mai kauri, ya zo ya tarar ba haka ba. Fiye da rabin wutar da ke shiga ƙwayar zafi take zama, shi ya sa aka lulluɓe ta da ƙarfe mai tsaga-tsaga da 'yar fanka a kai. A zafin Jidda da laimarta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da na yi aiki da shi ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, zanen ya fara da baƙi sosai, kafin ya kai ƙasan katakon ya koma ruwan ƙasa. Zafi yana rage ƙarfin ƙwayar, kuma yana gajarta mata kwana.

Kada wat 5 ɗin ya yi wa kowa kama da abu kaɗan. Ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60825-1 ta kasa leza aji-aji. 'Yar lezar nuni da malami ke amfani da ita a aji ba ta wuce miliwat 1 ba, a wasu ƙasashe har zuwa 5. Daga miliwat 5 zuwa 500 aji na 3B ke nan, wanda kallonsa kai tsaye yana lalata ido. Duk abin da ya haura 500 ya shiga aji na 4, na ƙarshe, wanda ko hasken da ya daki bango ya warwatsu yana iya cutar da idon na kusa, yana ƙona fata, yana tada gobara. Wat 5 miliwat 5,000 ne. Ya ninka ƙofar shiga aji na 4 sau goma.

To, da wannan a zuciya sai na buɗe 'yar jakar tabarau. Roba ce koriya, ba lamba ko ɗaya a jikinta, ba a faɗi wane haske take tarewa ba, ba a faɗi yawan abin da take tarewa ba. Na kara ta a gaban ɗan shuɗin ƙwan da ke jikin cajar waya, sai ga shuɗin yana leƙowa ta cikinta ƙuru-ƙuru. Lezar injin nan tsawon zangon haskenta kimanin nanomita 450 ne, wato shuɗi, kuma tabarau mai tare shuɗi launin lemu ko ja yake zuwa. Na gaskiya za ka ga an buga masa lambobi a gilashi ko a firam: zangon hasken da yake tarewa, da wata lamba mai farawa da OD. OD 4 na nufin ya rage hasken sau 10,000, OD 5 sau 100,000, haka dai kowace lamba tana ƙara sifiri ɗaya. Na Turai suna ɗauke da alamar EN 207. Na sayi mai launin lemu daga masu sayar da kayan kariya na masana'antu, da na kara shi a gaban ƙwan cajar nan sai shuɗin ya ɓace. Gwajin caja yana fallasa na banza ne kawai, ba ya zama shaidar cewa wani ya isa. Lambobin da amincin mai sayarwa su ne abin dogaro. Na rubuta wa wanda ya sayar min da injin a kan wannan, amsar da ya aiko godiya ce da roƙon in ba shi taurari biyar.

Tabarau mutum ɗaya yake karewa, wanda ya sa shi. Ni kuwa gidana akwai yara, kuma ɗakin da nake aiki ba ya rabuwa da masu leƙe. Injin a buɗe yake zuwa, ba murfi. Don haka kafin in zana ko harafi ɗaya sai da na haɗa masa akwati na filawud, na shimfiɗa farantin ƙarfe mara sheƙi a ƙasa, na buɗe 'yar taga da roba mai launin lemu irin ta tare shuɗi, na sa fankar zuƙe hayaƙi da tiyo zuwa tagar ɗaki. Na kuma sa maɓalli a bakin murfin, da zarar an ɗaga wutar kan lezar ta yanke. Mai son haɗe-haɗen lantarki, a nan zai sami aikin da zai gamsar da shi, kuma a ganina wannan maɓallin ya kamata kamfanin ya sako tun daga masana'anta.

Aikinsa a kan katako kuwa, masha Allah. Abin da na fi yi shi ne sunaye a kan ƙananan akwatunan dabino da na turare, waɗanda alhazai da masu umara ke kai wa gida tsaraba. Layin yana fita siriri fiye da bakin alƙalami. Wani malami mutumin Kano da ke zaune a nan ya kawo allon saukar 'yarsa, ya ce zayyanar gefe kawai yake so, rubutun ayoyin shi zai yi da hannunsa da tawada kamar yadda aka gada. Na ɗauki hoton wata zayyana da ya zana a takarda, na gyara a kwamfuta, injin ya bi ta ɗigo-ɗigo. Kusan awa guda yana tafiya yana dawowa, hayaƙi siriri yana bin tiyo, ɗakin yana ƙamshin ƙonannen itace. Da na goge tokar da ɗanyen tsumma, sai ga 'yan murabba'ai da sarƙaƙƙiyar nan sun zauna daram a jikin allon, kana shafawa kana jin zurfinsu a yatsa. Malam ya juya allon ya sake juyawa, ya ce, “Allah ya yi albarka, ɗana.” Wannan aikin ya fi duk sauran faranta min rai.

Yanka kuwa sai haƙuri. Filawud mai kaurin milimita 3 sai ya zagaya sau da dama, gefen ya fito baƙi ƙirin. Roba mai gani-har-hanji ba ya taɓa ta, shuɗin haske ratsa ta yake ya wuce. Gilashi ma haka, sai an shafa masa baƙin fenti tukuna. Alminiyam mai launi yana karɓar zane da kyau, ƙarfe mai sheƙi kuwa ba na sa shi, saboda yana mai da hasken sama. Abin da ba a sa wa injin nan ko da wasa shi ne PVC, wato robar bututun ruwa da ledar kujera mai kama da fata. In ta ƙone tana fitar da iska mai sinadarin kulorin, mai ƙona huhu, mai cinye ƙarfen injin. Wasu daga cikin bangon waya da jakunkunan da ake kira fata a kasuwa irin wannan ledar ce, don haka in ban tabbatar da abu ba, ba na karɓa.

Manhaja biyu aka fi amfani da su, LaserGRBL ta kyauta da LightBurn ta kuɗi. Ta kyautar ta ishi mai farawa. Matsalar da tamu ce mu kaɗai ita ce rubutu: salon haruffa da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka rubuta Ɗanladi ka ga ɗan akwati a madadin harafin farko. Larabci ma wasu manhajoji suna raba haruffansa. Ni a manhajar zane ta Inkscape nake rubutawa, in mai da rubutun zane, sannan in tura wa injin.

Ɗan yayata, saurayi mai ƙwaƙwalwa, ya ga kan lezar ya ce, “Kawu, ai wannan in aka kwance shi aka sa masa batir ya zama tocila. Don Allah ka haɗa min, zan biya.” Na ce masa, “Yaro, ko nawa za ka biya ba zan haɗa ba, kai ma ban yarda ka haɗa ba.” Na zaunar da shi na gaya masa abin da ya faru a ƙasar nan. Likitocin Asibitin Ido na Sarki Khalid da ke Riyad sun wallafa rahoto a 2014 a kan mutum 14 da shuɗiyar lezar hannu ta raunata wa ido cikin shekara guda, dukkansu maza masu shekaru 11 zuwa 30. Huɗu daga cikinsu hasken ya huda musu tsakiyar tantanin gani da ke bayan ido, goma sai da likita ya yi musu aiki. Lezar da ta yi wannan ɓarna ƙarfinta tsakanin miliwat 150 ne zuwa 1,200, ba ta kai kwatan tawa ba. Ido yana tattara haske a bayansa kamar yadda yara ke tattara rana da gilashi su ƙona takarda, kuma tantanin nan ba ya jin zafi, mutum bai san an ƙone shi ba sai ya ga baƙin tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ƙiftawar ido tana ɗaukar kimanin kwatan daƙiƙa, ita kuwa lezar aji na 4 ta gama ɓarnarta kafin nan. A hannu, ba wanda ya isa ya ce hasken ba zai daki gilashin mota ko tayil ya dawo ba. Ga shi kuma muna zaune a garin da jiragen alhazai ke sauka dare da rana a filin jirgin Sarki Abdul'aziz, haske irin wannan in ya shiga ɗakin matuƙi lokacin sauka rayuka ɗaruruwa ne a ciki. Ya yi shiru. Yanzu shi ke shirya min zane a kwamfuta in aiki ya yi yawa, kuma na saya masa nasa tabarau.

Wanda zai saya ya ƙara kusan rabin kuɗin injin a lissafinsa, na tabarau da akwati da fanka da tukunyar kashe gobara. Kada ya kunna ya fita, katako yana kamawa da wuta cikin ƙanƙanin lokaci, musamman wajen yanka. Gilashin da ke bakin kan lezar yana yin dauɗar hayaƙi, in ba a goge shi da auduga da sifirit ba zai tsage. Abin da na ƙara masa kwanan nan shi ne ɗan famfon iska irin na tankin kifi, na ja siririn tiyo zuwa bakin lezar yana hura wurin da ake ƙonawa. Baƙin gefen katako ya ragu sosai, gilashin ma ya daina saurin dauɗa, sai dai famfon ya yi ƙanƙanta ga yanka, don haka ina neman wanda ya fi shi ƙarfi a kasuwar Sawarik.