Oba-oba ƙirar Baofeng BF-888S: ta isa aikin 'yan sintirin unguwa a Sakkwato?

Duk kwamitin tsaron unguwa da ya zauna lissafin kayan aiki, in an gama da tocila da usur da takalmi, sai magana ta zo kan oba-oba. Wadda aka fi samu a shagunan kayan lantarki, kuma kuɗin karo-karo ke iya saye, ita ce Baofeng BF-888S, ƙirar ƙasar Sin. A ganinmu ta ci kuɗinta ga unguwa ɗaya, amma da sharaɗin kada a fita da ita sintiri yadda ta fito daga kwali.

Cikin kwalin akwai rediyon, eriya, batir mai ƙarfin 1500mAh, mazaunin caji, abin maƙalawa a ɗamara da abin kunne. Tashoshi 16 gare ta, a zangon UHF daga 400 zuwa 470 MHz, ga ƙaramar fitila a ka. Ba ta da allo, ba ta da madannan lambobi, kuma wannan alheri ne: dattijon da bai taɓa riƙe irinta ba zai iya ta cikin minti biyar. Ba ruwanta da kati, ba ruwanta da sabis. Wanda ya tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, ya san darajar haka.

Nisan da masu talla ke faɗa kuwa, kada ya ruɗe ku. Wannan lissafin fili ne fetal. A cikin gari, tsakanin katangun bulo da rufin kwano, ku sa rai da kilomita ɗaya zuwa biyu, kuma a lungunan tsohon gari irin na wajen Kanwuri ko Ƙofar Rini yakan gaza haka. Unguwa mai faɗi kamar Mabera ba za a ji daga wannan baki zuwa wancan ba. Maganinsa gwaji: mutum ɗaya ya zauna rumfar 'yan sintiri, wani ya zaga iyakar unguwa yana kira a kowace kwana, a rubuta duk inda murya ta ɓace. In wuraren sun yi yawa, a ɗora mai karɓar kira a bisa bene, domin tudu ya fi ƙarin ƙarfi amfani ga irin wannan rediyo.

Babban aibinta shi ne sirri. Galibinsu da saiti iri ɗaya suke fitowa daga masana'anta, don haka ɓarawon da ya sayi tasa ya murɗa zuwa tasharku zai ji an ce masu sintiri sun koma bayan masallaci, shi kuma ya nufi garejin babura. Dole a kai su wurin mai kwamfuta da kebul ɗin saiti ya canza su da manhajar CHIRP, wadda kyauta ce. Ko an yi haka, a sani ba a kulle maganar ba. Lambar tace kira ta CTCSS da ake sawa wajen saiti tana hana ku jin surutun wasu ne kawai, ba ta hana wasu jin ku. Saboda haka a raba unguwa shiyya-shiyya da lambobi, a riƙa canza su duk wata, kuma kada a ambaci sunan wanda ake zargi ko na mai gidan da ya yi tafiya. Irin wannan magana ta wayar hannu ce ko ta baki da baki.

Ga tawagar da masu zagayenta mutum takwas ne a dare, guda shida sun wadatar: huɗu ga masu zagaye bibbiyu, ɗaya a rumfa, ɗaya wurin shugaba ko mai unguwa. A ƙara batir uku na ajiya. Sabon batir yakan kai daga bayan isha'i zuwa asuba in saurare ya fi magana yawa, amma mai hira a kai da mai haska hanya da fitilarta za su kashe shi tun tsakar dare. Zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, yana tsufar da batir da wuri, musamman in an bar shi yana caji a ɗakin kwano da rana tsaka. Wutar mazaunin caji ja ce in yana ɗauka, in ta koma kore a cire. Da yake wutar NEPA ba ta da tabbas, a nemi mai mazaunin USB da za a iya jonawa a sola.

Yawancin lalacewarta daga hannu ne. Ana ɗaukar ta ta eriya har mazaunin eriyar ya saki, ko a danna maɓallin magana babu eriya, wanda ke iya ƙona sashen aika saƙo, sai ta riƙa ji amma ba a jin ta. Robar da ke rufe ramin abin kunne takan yage, ƙurar hunturu ta shiga, lasifika ta yi shiru alhali lafiyarta lau. Ba ta jure ruwa, da damina sai leda. Abin kunnen da ke zuwa da ita ba shi da ƙwari, amma a saye mai kyau, don ƙarar rediyo a lungu da ƙarfe biyun dare sanarwa ce ga mai haura katanga. Wajen magana a riƙe ta tsaye, a danna, a jira daƙiƙa ɗaya, sannan a faɗi wuri kafin a faɗi abin da aka gani.

Sai batun hukuma, wanda kwamitoci da yawa ke tsallakewa. Hukumar sadarwa ta NCC da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya na cikin masu iko da zangon rediyo a Najeriya, don haka a nemi bayanin izini kafin a zaɓi tasha, kada a faɗa kan ta jami'an tsaro. A kuma kai wa DPO na yankin da hakimi sunayen masu riƙe da su. Rediyon ba ta kiran lambar gaggawa ta 112, ba ta kai wa ga 'yan sanda ko Askarawan tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024, saboda haka mai zama rumfa ya kasance da waya mai caji da kati. In an kama wani, saƙon da zai bi ta oba-oba shi ne a riƙe shi lafiya kada taro ya taɓa shi, mai rumfa kuma ya buga wa ofishin 'yan sanda nan take.