Panlar da muke ci, a nan abincin kifi ce

Jama'ar gida, wani abu ya tsaya mini a rai. A kamfanin daskarar da kifi da nake aiki a Killybegs, babbar tashar masunta ta ƙasar Ayilan, na tambayi wani abokin aiki yadda suke dafa wani siririn kifi da muke ta jerawa a kwali. Ya kwashe da dariya, ya ce ai wannan abincin kifin salmon ne, mutum ba ya ci. Sai ya nuna mini takardar jikin kwalin da haɓa: Najeriya za a kai. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Kifin nan, wanda suke kira blue whiting, yana cikin waɗanda ake sayar mana da sunan panla, mu yi ta ciniki a kansa har murya ta dishe.

Dangin kod ne, babban kifin da ake busarwa a Norway, amma shi tsawonsa bai cika wuce santimita 30 ba. Zamansa can ƙasa ne, zurfin mita 300 zuwa 400, da dare ya taso sama farautar ƙananan jatan lande. A watan Maris da Afrilu yake yin dandazo yamma da Ayilan da Scotland, wajen wurare biyu a cikin teku da ake kira Porcupine da Rockall, ya saki ƙwai, sannan ya nausa arewa kiwo a Tekun Norway. Lokacin taruwar nan ake far masa. Manyan jirage ne masu na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, su ja taru mai bakin da zai haɗiye filin ƙwallo. Idan sun iso tasha, ba mai ɗaukar kwando. Tiyo ake sawa a zuƙe shi. Akasarinsa niƙewa ake yi, a fitar da gari da mai don kiwon kifi. Abokin nawa bai yi ƙarya ba, sai dai ya manta mutanen Sifaniya ma suna soya shi.

Kada ku ɗauka masuntan Turai waliyyai ne. A 2004 sun kwashi wajen tan miliyan 2.4, kifin ya yi ƙasa, har a 2011 abin da aka kama bai fi tan 100,000 da 'yan kai ba. Masanan ICES, hukumar binciken teku da ke Copenhagen, suna faɗin adadin da ya dace, amma Norway da Iceland da tsibiran Faroe da Tarayyar Turai da Birtaniya kowa ya yanko wa kansa, jimilla ta zarce shawarar. Dalilin ke nan da MSC, ƙungiyar da ke ba da shaidar kamun kifi ba tare da ƙarar da shi ba, ta dakatar da shaidarta a kan kamun a 2020. Duk da haka suna auna abin da suka kama, suna rubutawa. Mu fa? Gidan sauron da aka raba wa masu juna biyu shi ake tace kogi da shi, wani ma ya zuba guba, a kwashe har 'ya'yan da ba su kai ɗan yatsa ba. Alhali muna da sarkin ruwa, kuma a Argungu an san hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai ranar biki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sanyi. Kifin da suke rainawa ɗin, daga cikin jirgi yake kwance a ruwa mai sanyi, a daskarar da shi, ba ya narkewa har ya bar hannunsu. Sai ya iso wajenmu wuta ta ɗauke, ya narke, ya sake daskarewa, ya wuni a tebur ƙudaje na walima. Ga ni a tsakiyar kifi, amma tarwaɗa bandar Baga nake kwaɗayi, ko karfasa da yaji, ba ko ɗaya a nan.

Idan kun je saye, ku duba ƙanƙarar kwalin. In ta haɗe da jini ta zama dunƙule a gindi, idon kifin ya faɗa ciki, nama ya yi laɓo-laɓo, to ya taɓa narkewa, ku bar wa mai shi kayansa.