Sau biyar na ci a robar da ba a yarwa: sharhina kan wani gidan abinci a Liyon

Ni mai sayar da abinci ce, shekara goma sha ɗaya ina tuƙa tuwo ina zuba shinkafa a Kano. Shi ya sa in na shiga gidan abincin wani, kafin loma ta kai bakina idona ya riga ya zagaye kwanon. Da ƙanwata ta haihu na je mata zaman jego a Liyon ta ƙasar Faransa, wata ɗaya da rabi na yi, kuma cikin zaman nan sau biyar manyan yaranta biyu suka ja ni zuwa wani gidan abinci mai rassa a garuruwa da yawa, irin masu boga da soyayyen dankali da kaza. Na halal ne, shi ya sa ubansu ya yarda. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan kushe.

Ana shiga sai ga wani allo mai tsayin mutum, a nan ake zaɓar abinci. Tambayarsa ta farko: "sur place" ko "à emporter", wato a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. Muka danna a nan. Da tiren ya iso sai na ga dankalin a cikin wata roba mai kauri, lemon a kofi mai ƙarfi wanda ko ka matse shi ba ya lotsewa, miyar dangwale a ɗan ƙaramin kwano. Bogar ce kaɗai aka naɗo a takarda. Da muka gama na tattara komai na nufi kwandon shara, sai babban yaron, ɗan shekara tara, ya riƙo mayafina.

"Umma, kar ki zuba! Mayar musu ake yi, wankewa suke yi."

Dariya ta kama ni. Yaron da aka haifa a Turai yau shi ke koya mini mayar da kwano, ni da na tashi ana aike na da langa sayen wake da shinkafa, in na manta ta a gidan mai abinci in sha ranƙwashi.

Da dare na tambayi babansu, shi da ya daɗe a ƙasar. Ya ce, "Yaya, ai ba don Allah suke yi ba, doka ce." Ashe tun watan Fabrairun 2020 aka kafa dokar yaƙi da almubazzaranci da suke kira AGEC, kuma daga 1 ga Janairun 2023 duk gidan abincin da ke iya zaunar da mutum 20 ko fiye dole ya zuba wa mai ci a ciki a mazubin da ake wankewa a sake amfani da shi, haɗe da kofi da cokali. Takardar naɗe boga ce aka bar musu. Dalilin kuwa shi ne gidajen abincin gaggawa na ƙasar suna tara sharar da aka ƙiyasta ta kai tan 180,000 a shekara. Dokar ce kuma ta hana raba kayan wasan yara na roba kyauta a cikin abincinsu tun 2022, abin da ƙaramin yaron bai yafe wa gwamnati ba har yau. Burinsu wai zuwa 2040 a rabu da robar ƙunshi ta amfani sau ɗaya gaba ɗaya.

Gaskiya cin abincin ya fi daɗi a haka. Dankali a kwali, in ya yi minti biyar sai gumi ya jiƙa gindin kwalin, mai ya ɓullo, na ƙasan ya yi laushi. A robar nan bai yi haka ba, kuma tana zama daram a kan tire, yaro ba ya kifar da ita da gwiwar hannu. Kofin ma ba ya jiƙewa ya saki kamar na takarda. Teburin da muka tashi a kai babu tulin tarkacen nan da na saba gani, tsinken shan lemo na takarda biyu ne da tishu. Kuɗin kuwa ɗaya ne ko a nan ka ci ko ka tafi da shi, ba su karɓi ajiyar komai a kan kofin ba.

Tambayar da ta fara zo mini ita ce wa ya sha a kofin nan kafin ni. Kasancewar wurin na halal ya ɗauke mini rabin damuwar, sauran rabin kuma wanki ne, kuma a nan ne na fi tsayawa, don sana'ata ce. Duk wadda ta taɓa zuba miyar manja a roba ta san roba ba ta mantuwa. Tangaran ko silba ka wanke sau ɗaya ya fita fes, roba kuwa tana riƙe maiƙo, tana riƙe wari, in ta fara karcewa kuma datti ya samu ɗakin kwana. A zuwanmu na biyu wata 'yar Afirka da ke share tebura ta ga ina jujjuya kofi ina shinshinawa, sai ta yi murmushi. Da taimakon yaron muka ɗan zanta. Ta ce injin wanki ne a baya, ruwan zafi sosai yake fesawa, sannan ya ɗauraye da wanda ya fi shi zafi. Matsalarsu bushewa ce. Faranti na tangaran yana ɗaukar zafi, yana fitowa daga inji zafin jikinsa ya busar da shi. Roba ba ta riƙe zafi, sai ta fito da ɗigon ruwa, dole a sa ta a na'urar busarwa ko a jira. In mutane suka yi yawa, wa zai jira?

Na ga amsar ranar wata Asabar da yamma, a reshensu da ke kusa da babbar kasuwar zamani ta Part-Dieu. Layi har ƙofa. Kofin da aka ba ni a jiƙe yake ta waje, gefensa duk ya yi fari-fari saboda karcewa, ga wani ɗan ƙarni-ƙarni na ruwan wanki da bai gama fita ba. Na mayar. Ba musu suka canza mini, har da ban haƙuri, wannan kam na yaba. Amma da muka ƙaro abincin ƙaramin, duk da mun danna "a nan", a jakar takarda aka miƙo shi, da kofin takarda da murfinsa. Wankakkun sun ƙare. Wato a daidai lokacin da aka fi tara shara, a lokacin ne tsarin yake durƙushewa.

Wurin mayar da kayan ma yana buƙatar gyara. Ramuka ne jere: na zubar da ragowar lemo da ƙanƙara, na ragowar abinci, na takarda, sai kantar ajiye kofi da roba. An yi zane a kan kowanne, amma zanen ƙanana ne, kuma mutum biyu ba sa iya tsayawa a wurin lokaci ɗaya. Ina tsaye wani saurayi, kunnensa toshe da waya, ya zo ya kifar da tirensa gaba ɗaya a ramin takarda, har da kofi biyu, ya wuce abinsa. Ba a jima ba sai ga yarinyar nan ta sa safar hannu ta buɗe kwandon tana tono su ɗaya bayan ɗaya daga cikin jagwalgwalon miya. Abin ya tsaya mini a rai. Ana ta kirarin kare muhalli a jikin bango da koren fenti, amma mai ɗaukar nauyin abin ita ce wannan da ke sunkuye a kan shara, kuma ban ga alamar an ƙaro mata abokiyar aiki ba.

Kofin nan mai kauri ya ci roba fiye da na yarwa nesa ba kusa ba, ga ruwa da wuta da sabulun da yake ci kullum. Ribarsa ɗaya ce, ya yi ta zagayowa sau da yawa. In ya faɗa shara a zagaye na uku, ko ya bi wani gida a jaka, an yi ba a yi ba. Kuma yana bin mutane gida. Baban yara ya ce lokacin da McDonald's suka fito da nasu, jar robar dankalin ta yi farin jini har shugaban ƙasar, Macron, ya yaɗa hotonta a Twitter a ƙarshen 2022, daga nan mutane suka yi ta sulalewa da ita a matsayin tsaraba, kamfanin kuma ya sa wa kayan 'yar na'urar bibiya a jiki. Ba can muka ci ba, amma halin ɗan Adam ɗaya ne. Ni da cokulana dozin biyu ke ɓacewa duk wata ba sai an yi mini bayani ba.

Sai babbar ƙofar da aka bari a buɗe: ƙa'idar mazubin wankewar ba ta taɓa mai tafiya da abinci ba. Na ƙirga tebura huɗu ranar nan da suka danna "tafiya" suka karɓi jakarsu suka zo suka baje a ciki, ba wanda ya ce musu kanzil. Ga masu kekuna da jakunkuna a baya suna ta ɗiban oda zuwa gidaje, duk a kwali. Da muka bi bakin kogin Rhône da magariba, kwandunan shara cike suke da jakunkunan irin waɗannan gidaje har suna zubowa.

In maki zan ba su, uku ne cikin biyar. Ranar Talata da rana, da wurin ba cunkoso, komai tsaf, kofi a bushe, da huɗu zan ba su. Mai zuwa ya guji daren Asabar, ya duba kofinsa kafin ya sha, in bai gamsu ba ya mayar.

Na dawo gida na tarar da kwatar bayan shagona ta toshe da farar tekawe da baƙar leda, kamar kowace damina. Legas ta hana farar tekawen nan tun Janairun 2024, mu har yanzu da ita muke sallamar mutane. Masu ci a zaune dama a farantin silba nake zuba musu, sai dai na ƙara baho na uku na ruwan zafi don ɗauraya, na kuma sa kafinta ya yi mini kantar kife faranti. Masu tafiya da shi kuwa, na ce duk wanda ya zo da kularsa zan rage masa kuɗin tekawe in ƙara masa miya. Sati uku ke nan. Mutum bakwai ne suke zuwa da ita, biyar daga cikinsu tsofaffi.