Otal ɗin cikin rami a Coober Pedy: barci ya yi daɗi, amma ku iso da sauran rana

Jama'a in dai za ku bi babbar hanyar Stuart Highway da mota daga Adelaide zuwa Alice Springs a ƙasar Ostireliya, to kwana a hanya dole ne, babu wata dabara. Tafiyar kilomita wajen 1,500 ce, kuma da zarar ka bar Port Augusta babu abin da za ka kira gari sai Coober Pedy, sauran duk gidajen mai ne da aka jera wa ɗakunan kwana a baya. Mu a Coober Pedy muka yada zango, a wani ƙaramin otal cikin waɗanda aka haƙa a jikin tudu, shi nake so in ba ku labarin yadda na same shi. Ba zan kama suna ba, don akwai abin yabo akwai na kushe, kuma irinsa suna da dama a garin.

Kafin in shiga ɗakin bari in fara da lissafi, don a nan mutane ke rikicewa. Mutum zai buɗe taswira ya ga Coober Pedy kusan a tsakiya, daga Adelaide wajen kilomita 850, daga nan zuwa Alice wajen 690, sai ya ce shikenan an raba tafiya biyu. Eh an raba, amma rana ba ta san wannan rabon ba. A jihar South Australia iyakar gudu 110 ne, kenan awa takwas cur kana riƙe da sitiyari, ban da shan mai, ban da cin abinci, ban da bandaki, ban da tsayawa ɗaukar hoto a tafkin gishirin nan na Lake Hart wanda wallahi ba ka iya wuce shi ba ka taka burki ba. Lokacin sanyinsu kuwa, wato Yuni da Yuli (Ostireliya komai nasu a juye yake) hasken rana bai fi awa goma da 'yan kai ba, wajen biyar da rabi ta faɗi. To ka ga wanda ya yi wanka a natse ya karya ya bar Adelaide ƙarfe tara, duhu zai rufe shi a daji ne, kuma a mafi munin wuri, tsakanin wani ɗan zango mai gidan mai da ake kira Glendambo da Coober Pedy inda ake tafiyar kilomita wajen 250 babu gidan mai ko ɗaya.

Wani zai ce ai mota na da fitila. Tana da shi mana. Matsalar kangaru ne, da magariba da asuba suke fitowa bakin titi, kuma ba su da lissafi ko kaɗan, yana tsaye yana kallon fitilarka sai ka zo daf ya yi tsalle ya shigo gabanka. Ga emu, wani dogon tsuntsu mai kama da jimina, ga shanu da tumaki saboda wurare da yawa babu shinge, ƙarafa kawai aka shimfiɗa a titi don hana su ƙetarewa. Da safe za ka ga abin da daren ya yi, mushe nan da can, manyan gaggafa sun sauka a kai suna ci, su ma ba sa tashi da wuri saboda nauyi. Manyan tirelolin nan masu jan bodi uku, waɗanda tsawonsu ke kai mita 53 da rabi, su ba ruwansu, da ƙarfen kariya a gaba suke tafiya dare da rana. Kai mai ƙaramar motar haya fa? Ku karanta takardar hayar da kyau, kamfanoni da yawa inshorarsu ba ta ɗaukar karo da dabba in da dare ne a irin waɗannan hanyoyi. Shi ya sa ni a ganina ba tsakiyar taswira ake dubawa ba, ana duba inda za ka kasance awa ɗaya kafin rana ta faɗi, nan ne masaukinka ko ka so ko ka ƙi.

Mu da duku-duku muka fito, muka sha mai a Port Augusta, muka ƙara a Glendambo duk da tankin bai yi rabi ba, muka shigo garin da la'asar sakaliya. Tun daga nesa za ka fara ganin tsibi-tsibin farar ƙasa ko'ina, aikin masu haƙar wani dutsen ado mai daraja ne da ake kira opal, tun 1915 da aka gano shi ake tonon wurin. Garin kansa ba shi da kyan gani, kar wanda ya ruɗe ku, ƙura ce da tsofaffin injina da 'yan bututu da ke leƙowa daga kan tuddai. Bututun nan su ne hancin gidajen, ta nan iska ke shiga wa mutanen da ke zaune a ƙasa. Dalili kuwa zafi, daga Disamba zuwa Fabrairu yakan haura digiri 40, cikin ramin kuma yana nan wajen 23 zuwa 25 duk shekara ba fanka ba esi.

To otal ɗin. Ni na ɗauka matakala za mu yi ta sauka kamar rijiya, ashe ba haka ba ne, a gefen tudu aka fasa ƙofa, ka shiga a miƙe ta wani dogon lungu mai ɗan gangare. Resafshan na bakin ƙofa, wata dattijuwa muka tarar, ba ta da yawan magana amma ta san aikinta, ta ba mu makulli ta nuna mana makunnin fitilar gefen gado tun kafin mu tambaya, ta ce mu riƙe inda yake. A lokacin ban gane nufinta ba. Bangon ɗakin dutse ne zalla, ja-ja da fari-fari a cakuɗe, ana ganin sawun haƙoran injin da ya sassaƙe shi layi-layi, an shafe shi da wani abu mai ƙyalli don kar ya riƙa zubar da gari. In ka ɗora tafin hannu sai ka ji shi da ɗan sanyi, ba danshi. A saman kusurwa akwai rami zagaye, shi ne bututun iskar, an rufe bakinsa da raga. Gado biyu, zanin gado fes, tawul fes, ƙaramin firji, butar lantarki da kofuna, soket biyu kacal kuma ɗaya firji ya cinye, don haka mai waya biyu da kwamfuta ya zo da abin jona caja da yawa.

Barci kam, kai! Nan ne kuɗinka ke fita. Ka san bayan awa tara a mota kunnenka na ci gaba da jin ƙugin taya ko ka sauka, to a ɗakin nan shirun har nauyi gare shi, ba ƙarar tirela, ba ƙarar esi, ba ta maƙwabci, dutse ya shanye komai. Da muka kashe fitila kuma sai na gane maganar dattijuwar nan, duhu ne irin wanda ko ka kawo hannunka gaban hancinka ba ka gani, babu taga balle hasken waje ya leƙo. Abokin tafiyata ya kasa jurewa sai da ya bar fitilar bandaki a kunne ya ɗan sassauta ƙofar. Ni kam ina kwanciya ban sake sanin inda nake ba, kuma direban da zai ja kilomita 690 washegari wannan yake nema, ba talabijin ko hoton bango ba. Amma fa ku saita ƙararrawa a waya, biyu ma, don a ciki ƙarfe uku na dare da tara na safe duk ɗaya ne. Wanda kuma ya san ƙirjinsa na matsewa a rufaffen wuri kar ya jarraba don burgewa, ya nemi ɗakin sama, akwai su a garin.

Yanzu inda suka gaza. Na farko sabis, waya ba ta kamawa a ɗaki sam, wannan ba laifinsu ba ne dutse ne, amma sun rubuta cewa akwai intanet ɗin waifai a ko'ina, alhali daga tsakiyar lungu yake mutuwa, sai ka fito bakin resafshan kana tsaye cikin sanyi kafin saƙo ya tafi. Da sun faɗi gaskiya ba wanda zai damu. Na biyu shawa, ruwan zafi akwai amma zubarsa siriri, ga takarda a manne ana roƙon a taƙaita wanka. Wannan na yi musu uzuri rabi, ruwan garin daga wata rijiyar burtsatse mai nisan kilomita ashirin da wani abu ake jawo shi a bututu, sai an cire masa gishiri kafin a sha, to ba abin wasa ba ne. Abin da ban yi musu uzuri ba shi ne bandakin ba ya fitar da tururi da wuri, bayan mutum biyu sun yi wanka ɗakin ya ɗau wani ɗan warin rufaffen wuri har zuwa tsakar dare.

Na uku, kuma shi ya fi ci min rai, rufe resafshan da wuri ba tare da sun gaya wa mutum tun lokacin da yake kama ɗaki ba. Mu bai shafe mu ba, amma da na fito neman sabis da daddare na tarar da wasu mata da miji da ƙaramin yaro a ƙofa, sun iso a makare, suna ta kiran lambar da aka liƙa ba a ɗauka, yaron na kuka, iskar hamada na kaɗawa kuma sanyin daren Yuli a can ba na wasa ba ne. Ashe makullinsu na cikin wani ɗan akwati mai lambobin sirri a jikin bango, an tura musu lambar ta imel da rana, lokacin suna tsakiyar daji inda babu sabis. Sai da na ba su waifai ɗin suka buɗe saƙon. Haba dai, kuna kan hanyar da kowa ya san waya na ɗaukewa na awanni, ai tun jiya ya kamata ku tura. Don haka ku kira su kafin ku bar Port Augusta, ku tambayi ƙarfe nawa suke tashi, ina ake ajiye makulli, ku rubuta a takarda. Abinci ma haka, otal ɗin ba shi da kicin na dare, garin kuma da wuri yake kwanciya, in kun iso ku fara cika ciki da tanki kafin ku kwanta "na minti goma".

Wurin ajiye mota fili ne a buɗe gaban tudun, akwai fitila, mun kwashe kayanmu mun shiga da su kuma da safe komai lafiya. Wani abu, kar ku ce za ku ɗan zaga bayan gari da dare don miƙe ƙafa, allunan gargaɗin nan masu hoton mutum yana faɗawa rami ba ado ba ne, ramukan haƙa a buɗe suke da yawa kuma suna da zurfi.

Shin dole sai Coober Pedy? A'a. In kun makara da fitowa ku kwana Port Augusta kawai, kilomita 300 daga Adelaide, washegari 540 zuwa Coober Pedy tafiya ce mai daɗi har ku sami lokacin leƙa tuddan Breakaways masu launi-launi da ke wajen garin da yamma. In kuma rana ta kama ku a Glendambo, ku tsaya nan, kar ku ce saura ƙiris. Masu gangarowa daga Alice suna da zangon Marla, wajen kilomita 230 arewa da Coober Pedy. Amma in lissafinku ya ba ku isowa da rana, ɗakin ramin ya fi min ɗakin gefen gidan mai nesa ba kusa ba, saboda barcin kaɗai. Uku da rabi na ba su cikin biyar, ɗaya ya tafi a kan makulli, rabi a kan waifai.

Da safe kar ku yi saurin fita kafin gari ya waye sosai, kangarun asuba su ne na magariba. In kun tsallaka iyakar Northern Territory, yankin da Alice take, allon gudu zai koma 130, kuma in tsakanin Oktoba da Afrilu kuke tafiya ku mayar da agogo baya da awa ɗaya, don South Australia na tura nasu gaba lokacin zafi su kuwa can ba sa taɓawa.